Aikin da Ya Iya Tafiya da Kansa

Malam Zakariyya'u na durƙushe a ƙarƙashin teburin taro yana laluben inda wayar majigi ta kwance, sai ya ga takalman Tony sun shigo sun tsaya daf da hannunsa. Baƙaƙe ne masu tsini, sun sha mai sai ƙyalli suke yi.

"Farfesa, tun yanzu ka fara durƙuso? Ai Madam ba ta ƙaraso ba tukuna, ka adana gwiwarka."

Zakariyya'u ya soka wayar, hasken majigin ya faɗa kan bango. Ya fito yana kakkaɓe wandonsa, ya gai da Tony, ya tambaye shi iyali. Tun yana yaro bai iya mayar da baƙar magana ba, kuma bai ga dalilin fara koyonta yau ba.

Ofishin wani gida ne a Barnawa da wata ƙungiya mai zaman kanta ta kama haya. Ƙungiyar tana tallafa wa ƙananan asibitoci a Romi da Rido da ƙauyukan bayansu. Duk ƙarshen wata asibitocin kan aiko da alƙalumansu: mata nawa suka zo awo, nawa suka haihu a asibiti, maganin ƙarin jini nawa ya rage a sito. Zakariyya'u ne ke mayar da waɗannan alƙaluma rahoto. Tony kuwa yana riƙe da wani babban bincike da aka yi gida-gida shekarun baya, wanda har yanzu masu ba da tallafi kan tambayi abubuwa daga cikinsa. To, masu tallafin sun rage hannu. Babban ofishi a Abuja ya ce daga sabuwar shekara kujera ɗaya za ta rage a ɗakin ƙididdiga. Shugabar ofishin, Madam Irene, ta ce kowannensu ya nuna aikinsa a gaban ma'aikata, kuma kafin a tashi yau za ta faɗi wanda za a sabunta wa kwantiragi.

Zakariyya'u ya haura arba'in. Koyar da lissafi ya bari a wata sakandaren gwamnati a Kakuri, aiki mai fansho, ya kama wannan, abin da har yau surukinsa bai daina yi masa mita a kai ba. Idan aka sallame shi, babu ajin da zai koma. Duk da haka hankalinsa kwance yake a wannan safiya, domin yana ganin yana da abin nunawa.

Lokacin da ya zo, ofishin na aiki da wata manhajar ƙididdiga mai lasisi. Da dala ake biyanta kowace shekara, kuma kwamfuta biyu kacal aka yarda ta zauna a kai, tasa da ta Tony. Bara biyan ya makara a Abuja. Ranar da ya kamata rahoto ya fita, ya buɗe manhajar ta ce masa lasisi ya ƙare, ta ƙi motsi. Ga alƙaluma a gabansa, amma babu abin sarrafa su. Sai da aka kwashi makonni kafin a daidaita, a cikin makonnin kuwa asibitin Rido ya zauna babu maganin ƙarin jini, saboda babu rahoton da za a ɗora oda a kai. Daga nan ne ya sauke R, manhajar ƙididdiga da kowa ke iya ɗauka kyauta a intanet. Ya zauna ya koye ta a hankali, yana tambayar mutanen da bai taɓa gani ba, suna ba shi amsa ba tare da sun nemi komai ba.

A da, kowane wata sai ya bi matakai da hannu, danna nan, zaɓi can, idan aka sami kuskure ɗaya a koma farko. Yanzu ya rubuta matakan sau ɗaya, layi bayan layi, abin da 'yan ofis ke kira kod. Wata na ƙarewa sai a zuba sababbin alƙaluma, manhajar ta bi umarnin da kanta. A saman kowane layi kuma ya rubuta bayaninsa da Turanci mai sauƙi, kamar yadda yake yi wa ɗalibai a allo: wannan yana fitar da matar da aka rubuta sau biyu, wannan yana ware kowane asibiti daban. Ofishin ya daina biyan lasisin kwamfutarsa. Na Tony kaɗai ya rage.

Madam Irene ta shigo da tabarau rataye a wuya, ta gai da kowa da sunansa, ta zauna a ƙarshen tebur. Mace ce mai sanyin murya, ba a taɓa jin ta yi wa kowa tsawa ba. Ta ce Tony ya fara.

Tony ya buɗe kwamfutarsa ya shiga danne-danne da sauri, shafuka na buɗewa suna rufewa kafin ido ya kama abin da ke cikinsu. Sunayen layukan bayanansa ba su da ma'ana ga kowa sai shi, harafi da lamba, harafi da lamba, har ƙarshen allo. Madam ta nuna ɗaya ta tambayi me yake nufi. Ya ce ya danganta da shekarar da ake magana, domin an canja tambayar a tsakiyar binciken, kuma shi kaɗai ya san inda aka canja. Ta tambaye shi ko ya rubuta matakan da yake bi a wani wuri. Ya taɓa goshinsa da yatsa, ya ce suna nan ciki lafiya lau. Wasu suka yi dariya. Zakariyya'u ya ji tausayinsa ya kama shi, ya sunkuyar da kai. A ganinsa mutumin yana kashe kansa ne a gaban jama'a.

Da aka zo kan Zakariyya'u, ya miƙe ya tsaya gefen hasken majigi, irin tsayuwar da ya saba a gaban aji. Ya yi bayani daki-daki. Ya ce manhajar ba ta ƙarewa, babu ranar da za ta tashi ta rufe musu ƙofa. Ya ce za a iya sa ta a kan kowace kwamfuta a ofishin, har da tsohuwar da ke teburin karɓar baƙi, kuma da zarar an sauke ta ba ta bukatar intanet don fitar da rahoto. Ya ce duk alƙalamin da ya fito, ana iya bin sawunsa layi-layi a ga daga inda ya taso, don haka idan Abuja ta yi tambaya akwai amsa. Sannan ya nuna musu. Da safiyar nan ma'aikaciyar asibitin Romi ta aiko da gyara, ta ce ta ƙidaya wasu mata sau biyu. Ya sa sabon fayil ɗin, ya danna maɓalli. Kafin direban ofis ya gama buɗe ledar ruwansa, jadawaloli da zanuka duk sun sake fitowa da gyaran a cikinsu.

Madam Irene ta ɗora tabarau a hanci ta daɗe tana kallon bango.

"Malam Zakari, kana nufin kowa zai iya wannan?"

"Kowa, Madam. Don haka na rubuta shi."

"Ko ba ka nan?"

"Ko ba na nan."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta juya ta kira Debby, mai kula da fayiloli da karɓar baƙi, wadda kowa ke kira Maman Tracy. Ta ce ta je ta ɗauko kwamfutar teburinta ta fitar musu da rahoton watan jiya. Shi kuma Malam Zakari ya koma kujerar baya ya zauna, kada ya ce uffan.

Debby ta dafe ƙirji. Ta ce Madam ta rufa mata asiri, ita lissafin da ta sani na cefane ne, shi ma 'ya'yanta na kama ta da kuskure. Aka yi dariya. Madam ba ta yi ba, ta ce ana jiranta.

Zakariyya'u ya koma baya ya zauna. Ya taɓa zaunar da Debby ya nuna mata abin sau biyu ko uku lokacin hutun rana, tana cin gurasa tana cewa kanta ba zai ɗauka ba. Yanzu ga ta a gaban mutane. Ta buɗe fayil ɗin da ba shi ba, ta rufe. Ta buɗe na daidai. Ta tsaya tana karanta bayanin saman layin farko, leɓunanta na motsi. Layin ya ce a rubuta sunan watan a tsakanin alamomin nan biyu. Ta rubuta da ƙaramin baƙi, ta tsaya, ta koma ta karanta, ta goge ta mayar da babba. Zakariyya'u ya gyaɗa kai daga baya. A ransa yana ta cewa, yauwa, ci gaba, na ƙasa, na ƙasa.

Ta danna. Rubutu ya yi ta gudu a allo, sannan rahoton ya bayyana cikakke, da tambarin ƙungiya a samansa.

"Yesu na," in ji Debby a hankali, ta rufe baki da hannu.

Aka tafa. Zakariyya'u ya miƙe tsaye yana tafi, idanunsa har sun kawo ruwa. Rabon da ya ji irin wannan daɗin tun yana koyarwa, ranar da yaron da kowa ya cire rai da shi ya fita allo ya warware lissafi. Tony ya fi kowa tafi. Ya daɗe yana yi bayan kowa ya daina.

Bayan azahar Hauwa, matar Zakariyya'u, ta kira shi daga gidansu a Makera. Ya tsaya a inuwar mangwaron harabar masallacin unguwa ya ba ta labari duka, har da yadda Maman Tracy ta rufe baki. Hauwa ta yi hamdala, ta ce tun safe gabanta ke faɗuwa, ko ɗinkin da ke gabanta ta kasa. Ta tambaye shi ko Madam ta faɗi wani abu. Ya ce ba ta faɗa ba tukuna, amma ai abin a bayyane yake. Ya ƙara da cewa tausayin Tony yake ji, yana da ƙananan yara ga Kirsimeti ta matso, idan Allah Ya sa an bar shi zai taya shi neman wani wuri.

Yana komowa aka ce Madam na nemansa.

Ta sa ya zauna, ta tura masa kwalbar lemo mai sanyi. Ta fara da yabo, kuma yabon na gaskiya ne. Ta ce tunda take aiki ba ta ga ma'aikacin da ya tsara abu ya gyara shi tsaf kamar haka ba. Ta ce za ta kai labarin Abuja, sauran jihohi ma su daina biyan lasisi su koma kan wannan. Sannan ta cire tabarau ta ajiye.

"Malam Zakari, ka duba inda nake tsaye. Idan Tony ya fita ƙofar nan, bincikensa ya bi shi. Babu wanda ya san kansa. Kai kuwa idan ka fita, aikinka na nan yana tafiya. Ka gani da idonka."

Bai fahimta nan take ba. Ya zauna yana kallon raɓar da ke gangarowa a jikin kwalbar. Can sai maganar ta sauka. Ya ce R na iya buɗe fayilolin Tony, ya sha gaya mata. A ba shi lokaci kaɗan, zai zauna ya warware binciken ya rubuta shi yadda kowa zai gane. Ta ce ta san zai iya, amma sai Tony ya yarda ya gaya masa ma'anar kowane layi, kuma a ganinsa Tony zai yarda? Ta ce masu tallafi na jiran amsa daga binciken a watan Fabrairu, ba ta da wata biyu na gwaji. Ya ce to wa zai gyara kod ɗin idan asibiti ya canja yadda yake aiko da alƙaluma. Ta ce idan hakan ta faru za su neme shi, su biya shi na yini.

Ta ce kwantiraginsa na nan har ƙarshen wata, ba sai ya riƙa zuwa kullum ba. Za ta rubuta masa shaida mai kyau. Abu ɗaya take roƙo kafin ya tafi. Tunda shi ya fi kowa iya zane, ya haɗa mata guda ɗaya mai kyau da za ta nuna a Abuja, na irin sauƙin da sabon tsarin ya kawo wa ofis. Ya sa kuɗin lasisi, ya kuma sa albashin kujerar da aka soke, don hoton ya cika.

Ya ji bakinsa ya ce to.

A ɗakin ƙididdiga ya tarar da Tony ya ɗora ƙafa kan kwandon shara yana ɓare gyaɗa. Tony ya riga ya sani. Ya miƙo masa ledar.

"Sori, Farfesa. Wallahi ba ni na yi maka ba."

Zakariyya'u ya girgiza kai, ya zauna a kujerarsa.

"Amma kai ma. Ka zo wurin neman abinci ka buɗe makaranta. Ni kana ganin ban iya rubuta matakaina ba ne? Na iya mana. Dalar da suke biya a kan kwamfutar nan, kullum tana tuna musu cewa akwai wani abu mai tsada a kujerar nan. Kai ka gaya musu naka kyauta ne, sun kuwa yarda da kai."

Ya watsa gyaɗa a baki. Ya ce idan da shi ne, kafin ya tafi zai share bayanan nan na saman layuka gaba ɗaya, ya ga yadda Maman Tracy za ta yi a Janairu. Ya ɗauki makullin motarsa ya fita yana fito.

Zakariyya'u ya buɗe kod ɗin. Ba share komai zai yi ba, ya san hannunsa ba zai iya ba. Kallonsa kawai yake, yana saukowa a hankali kamar mai zagaya gidan da zai tashi daga ciki. Can wajen tsakiya idonsa ya tsaya. A layin da ke ɗauko fayilolin asibitoci, da hannu ya rubuta shekarar. Tunda ya rubuta kod ɗin shekara ba ta juya ba, don haka abin bai taɓa nuna kansa ba. Amma ranar da aka zo fitar da rahoton Janairu, manhajar za ta nemi fayil na shekarar da ta wuce, ba za ta samu ba, ta tsaya cak da jan rubutu.

Gyaran bai fi sauya layi ɗaya ba. Ya ɗora yatsu a kan madannai.

Bai danna komai ba. A ransa ya hango ɗakin taro a farkon Fabrairu, Abuja na kira, Debby ta yi tsuru-tsuru gaban jan rubutu, Madam ta ɗauki waya tana neman lambarsa. Babu wanda zai cutu, in ji shi a ransa. Ba ƙarya manhajar za ta fitar ba, tsayawa kawai za ta yi. Yini ɗaya ne, ya zo ya gyara, su gane cewa abin na bukatar mai shi. Ba shi ya sa kuskuren da gangan ba. Shiru kawai zai yi.

Ya janye hannunsa. Ya rufe kwamfutar, ya sa ta a aljihun tebur. Bai taɓa tashi ya bar kuskuren da ya gani a rubuce ba, ko a allon wani malamin ne, sai yau. Ya yi la'asar a masallacin unguwa, ya daɗe zaune bayan an sallame, sannan ya fita titi ba tare da ya koma ya yi wa kowa sallama ba.

Titin Barnawa ya cika da hada-hadar ƙarshen shekara. Masu kaji sun jera kwanduna a bakin hanya, wani shago na ta sakin waƙoƙin Kirsimeti. Ya samu Keke Napep mai bi ta Makera zuwa Kakuri, ya matsa kusa da wata mata mai riƙe da buhun shinkafa a cinya. Yana ta juya yadda zai gaya wa Hauwa. Ya yanke cewa zai faɗa mata gaskiya, amma zai ƙara da cewa ta kwantar da hankalinta, akwai alamar za su neme shi kafin Fabrairu ta yi nisa. Wannan ɗan abin ya riƙe, kuma ya ji ya ɗan samu wurin tsayawa.

Wayarsa ta yi ƙara. Debby ce.

Muryarta cike da murna, har tana haɗa kalmomi. Ta ce ta neme shi a ɗakinsu ba ta gan shi ba. Madam ta ce mata ta riƙa gwadawa don hannunta ya saba, shi ne ta ce bari ta gwada kamar an shiga Janairu, tunda daga hutun Kirsimeti a ƙauye za ta dawo ta tarar da shi. Sai ga jan rubutu. Ta ce gabanta ya faɗi, ta ɗauka ta lalata masa aiki. Har ta tashi za ta kashe kwamfutar, sai ta daure ta kwafi jan rubutun ta zuba a intanet. Ashe mutane da yawa sun taɓa faɗawa irinsa, ga amsa nan a shimfiɗe. Ta bi layukan ɗaya bayan ɗaya har ta ga inda shekarar take. Ba ma canja ta kawai ta yi ba, wani ya nuna yadda za a sa manhajar ta riƙa ɗauko shekarar da kanta, shi ta kwafa. Ta sake dannawa, ya wuce sumul.

"Malam Zakari, kana ji na? Don Allah ka ce ban ɓata komai ba."

Keken ya faɗa rami, buhun shinkafar ya bugi gwiwarsa. Ya ce ta karanto masa layin. Ta karanto a hankali, harafi-harafi, har da baka da waƙafi. Ya rufe ido yana saurare. Babu kuskure ko ɗaya.

"Daidai ne, Maman Tracy. Kin yi daidai."

"Kai, na gode wa Allah. Yanzu ko shekara goma za a yi ba zai sake tsayawa ba, ko?"

"Ba zai tsaya ba."

Ta yi dariya, ta ce wallahi Tracy ba za ta yarda ba idan ta gaya mata. Ta ce kada ya gaya wa Madam tukuna, so take ta fara nuna masa da safe ya gani da idonsa, ya zo da wuri.

"Allah Ya kai mu," in ji Zakariyya'u.

Ya kashe wayar ya riƙe ta a hannu. Mai keken ya rage gudu a bakin layinsu, ya waigo ya ce Malam, Makera ce, ko ba a nan zai sauka ba. Zakariyya'u ya hango ƙofar gidansu a buɗe, an yayyafa ruwa an share gabanta. Ya ce wa mai keken su ƙara gaba kaɗan.